Yadda Ake Auna Jifan Kwatabak da Fahimtarsa da Masu Cafe Ƙwallo a Wasannin Jami'o'in Amurka

A kakar wasa ta 2018, Joe Burrow, kwatabak (wato mai jefa ƙwallo) na ƙungiyar ƙwallon Amurka ta jami'ar LSU da ke jihar Luwiziyana, ya jefa ƙwallo sau 379, guda 219 ne suka isa hannun abokan wasansa, wato kashi 57.8 cikin ɗari, kuma jifansa 16 ne suka haifar da tacdawun, wato cin maki shida. Da shekara ta zagayo, wannan matashin dai, sanye da rigar makarantar nan, ya jefa sau 527, aka cafe 402, ya tara yadi 5,671 da tacdawun 60, abokan hamayya kuwa sau shida kacal suka ƙwace jifansa. Hannunsa bai ƙara tsawo a cikin wata goma sha biyu ba. Abin da ya sauya shi ne tsarin kai hari, bayan da aka ɗauko Joe Brady daga ƙungiyar ƙwararru ta New Orleans Saints domin ya kula da ɓangaren jifa, sannan ga tsawon lokacin da Burrow ya samu tare da masu cafe masa, Ja'Marr Chase da Justin Jefferson da Terrace Marshall, alhali a 2018 bai daɗe da isowa daga jami'ar Ohio State ba aka fara wasa. Duk wanda yake son ya auna kwatabak na jami'a, dole ne ya fara da sanin cewa alƙaluman da ake rubutawa a gaban sunansa dukiyar tarayya ce tsakaninsa da masu cafewa da masu kare shi da kociyansa, kuma aikin mai aunawa shi ne ya ware rabon kowa.

Ga wanda bai saba da wasan ba, kowane ɓangare yana da 'yan wasa goma sha ɗaya, kuma masu kai hari suna da dama huɗu su ci gaba da yadi goma, in sun yi a sabunta musu wasu huɗun. Kwatabak shi ne wanda ake miƙa wa ƙwallo a farkon kusan kowace dama, ya zaɓi ko ya ba mai gudu, ko ya jefa gaba, ko ya ruga da kansa. Tacdawun kuwa shi ne shiga da ƙwallo, ko cafe ta, a cikin yankin ƙarshen fili, kuma maki shida ne.

Fara da alƙaluma, amma kada ka tsaya a kansu

Hukumar wasannin jami'o'i ta NCAA tana da lissafinta na ingancin jifa, kuma kowa zai iya yin sa da kalkuleta. Ana ninka yadi da 8.4, a ninka tacdawun da 330, a ninka jifan da aka cafe da 100, a haɗa su, a cire adadin jifan da abokan hamayya suka ƙwace bayan an ninka shi da 200, sannan a raba abin da ya rage da yawan jifan da aka yi. Idan aka bi da alƙaluman Burrow ta wannan hanya, za a samu 133.2 a 2018 da kuma 202.0 a 2019. Lissafin yana da amfani wajen tace sunaye, amma akwai abubuwan da bai gani kwata-kwata. A wasan jami'a, idan masu tsaro suka kayar da kwatabak kafin ya jefa, yadin da aka yi asara ana cire shi ne daga lissafin gudunsa, saboda haka wanda yake riƙe ƙwallo fiye da kima har a kayar da shi sau biyar a wasa ɗaya zai iya fitowa da lissafin jifa mai kyan gani. Haka nan idan mai cafewa ya gifta ta gabansa a guje, kwatabak ya ɗan tura masa ƙwallo tazarar taku ɗaya zuwa gaba, wancan kuma ya ruga yadi sittin, dokar ƙidaya za ta rubuta jifa mai yadi sittin, ko da yake yaro ma zai iya yin wannan turawar.

Wannan ne ya sa yawan jifan da aka cafe cikin ɗari yake yaudarar mutane fiye da kowane adadi. Bo Nix na jami'ar Oregon ya kafa tarihi a 2023 da jifa 364 da aka cafe cikin 470, kuma babu mai musun cewa ya iya saiti, sai dai tsarin ƙungiyarsa ya dogara sosai kan gajerun jifa masu sauri, don haka kafin ka kwatanta shi da wanda ake sa shi jefa ƙwallo yadi ashirin sau da yawa, sai ka raba jifan kowannensu gida-gida bisa nisan da ƙwallon ta yi a sama: waɗanda ba su wuce layin farawa ba (wato layin da aka ajiye ƙwallo a farkon damar), na ƙasa da yadi goma, na tsakanin goma da ashirin, da waɗanda suka haura ashirin. A ganina rukunin tsakiya, na yadi goma zuwa ashirin, musamman a tsakiyar fili inda masu tsaro suka fi cunkoso, shi ne ya fi nuna gaskiyar mutum. Tsarin da kociyoyi Hal Mumme da Mike Leach suka yaɗa, wanda ake jefa ƙwallo sau hamsin ko fiye a wasa guda, ya sa Graham Harrell na Texas Tech ya tara yadi 5,705 a 2007, amma da lokacin ɗaukar 'yan wasa zuwa NFL, babbar gasar ƙwararru ta Amurka, ya yi, babu ƙungiyar da ta zaɓe shi. Yawan yadi yakan nuna yawan jifa ne kafin ya nuna ƙwarewa.

Zaɓen wasannin da za a kalla

Kada ka dogara da gajerun bidiyon da ake haɗa kyawawan jifa kaɗai, domin an tace su ne don su burge. Nemi cikakkun wasanni uku ko huɗu, kuma ka zaɓe su da gangan: wasa da ƙungiya mafi ƙarfin tsaro da ya haɗu da ita, wasan da aka buga a gidan abokan hamayya inda ihun 'yan kallo yake hana jin umarni, wasan da ƙungiyarsa ta sha kashi, da kuma wasa ɗaya daga ƙarshen kaka domin a ga ko ya ci gaba. Manyan jami'o'i sukan biya ƙananan makarantu kuɗi su zo a buga da su a watan Satumba, kuma abin da kwatabak ya yi a irin wannan rana bai kamata ya yi nauyi a ma'auninka ba. Idan ka samu hoton da aka ɗauka daga sama wanda yake nuna dukkan 'yan wasa ashirin da biyu, shi ya fi, saboda kyamarar talabijin tana bin ƙwallo ne, takan bar masu cafewa da masu tsaron can baya a wajen allo. In babu shi, yi amfani da maimaicin da tashar take nunawa bayan kowane muhimmin jifa.

Ɗauki takarda ka ja layuka. A kan kowane jifa rubuta dama ta nawa ce da yadin da ya rage, nisan ƙwallon a sama, wanda aka jefa wa, ko masu tsaro sun matso kwatabak ko yana tsaye cikin natsuwa, inda ƙwallon ta sauka a jikin mai cafewa, da kuma lokacin da ta bar hannu. Abubuwa biyun ƙarshe su ne ainihin aikin.

Lokacin da ƙwallo ta bar hannu

Kowane mai cafewa yana da hanyar da aka tsara masa: ya ruga taku kaza sannan ya karya ciki, ko ya karya waje, ko ya tsaya ya juyo. Tsayar da bidiyon a daidai lokacin da ƙwallo ta rabu da yatsun kwatabak, sannan ka dubi wanda aka jefa wa. Idan a wannan lokacin bai riga ya karya ba, bai ma waiwayo ba, amma da ya juyo sai ya tarar da ƙwallon tana isowa, to ka ga jifan hangen gaba, kuma shi ne babbar shaidar cewa mutanen biyu sun yarda da juna. Mai kallon ƙwallon ƙafa ya san irin wannan a wajen ɗan tsakiya da yake zura ƙwallo cikin sarari kafin ɗan gaba ya isa wurin. Idan kuwa kwatabak yana jira sai ya ga abokinsa ya kuɓuce wa mai gadinsa sarai kafin ya ɗaga hannu, wannan zai wadatar a kan ƙananan makarantu inda tazarar takan kai yadi uku ko huɗu, amma ranar da ya gamu da masu tsaro masu sauri, ƙofar za ta rufe kafin ƙwallon ta iso. Ƙirga jifa nawa cikin goma ne suka fita kafin karyawar, kuma ka lura ko da mutum ɗaya kawai yake yin haka ko da kowa.

Ƙafafu suna taimaka maka a nan. A tsari mai kyau, takun da kwatabak yake ja da baya an daidaita su da tsawon hanyar mai cafewa, ta yadda da ƙafarsa ta baya ta dira, ƙwallo za ta tashi. Idan ka ga ya dira, sannan ya ɗan yi tsalle gaba sau biyu ko uku yana bubbuga ƙwallo a tafinsa alhali mutumin farko a buɗe yake, to shakka ce ta kama shi, ko dai bai amince da abin da idonsa ya gani ba, ko bai amince cewa abokinsa zai kasance inda aka ce ba.

Inda ƙwallo ta sauka

Jifa biyu za su iya shiga littafi a matsayin waɗanda aka cafe, alhali ɗaya gwaninta ce ɗaya kuma sa'a. Wanda yake tsallaka fili a guje yana bukatar ƙwallo a gabansa, daidai ƙirji, domin kada ya rage gudu. In ta zo ta bayansa har ya juya jiki, an yi asarar yadin da zai ƙara, wataƙila ma an miƙa haƙarƙarinsa ga mai tsaro. Wanda mai gadi yake manne da shi ta ciki yana bukatarta ta waje. Wanda ya tsaya a tsakiya tsakanin masu tsaro biyu yana bukatarta ƙasa-ƙasa, inda zai durƙusa ya rufe ta da jikinsa. Saboda haka jifan da ya yi kama da kuskure a idon mai kallo, wani lokaci da gangan aka ajiye shi a wurin, kuma kafin ka yanke hukunci sai ka duba inda mai tsaro mafi kusa yake tsaye.

Dokokin jami'a suna da tasiri a nan. Ƙafa ɗaya ta isa a cikin fili domin a amince da cafewa a bakin layi, ba kamar NFL ba inda ake bukatar biyu, don haka jifan gefe yana da ɗan sauƙi. A ɗaya ɓangaren kuma, layukan tsakiya da ake ajiye ƙwallo a kansu suna da tazarar ƙafa 40 a tsakaninsu, wanda ke nufin idan an ajiye ta a layin hagu, daga nan zuwa bakin fili na dama ƙafa 100 ne, fiye da yadi 33. Mai cafewa da ya yi gaba yadi goma sha biyar sannan ya karya zuwa wancan gefen mai nisa yana bukatar jifan da zai yi tafiyar kusan yadi arba'in a miƙe, ba tare da ya yi lilo a sama ba. Wannan jifan ne ma'aunin ƙarfin hannu na gaskiya. Doguwar ƙwallon da ake cillawa sama ta faɗo, kusan kowane kwatabak na babbar jami'a yana iya ta.

Ido da karatun tsaro

A wasan ƙarshe na ƙasa da aka buga a Atlanta a watan Janairun 2018, Tua Tagovailoa na Alabama, wanda yake shekararsa ta farko kuma aka sako shi bayan hutun rabin lokaci, ya bari 'yan Georgia suka kayar da shi a ƙarin lokaci har aka yi asarar yadi 16. A damar da ta biyo baya, ana neman yadi 26, ya kafa idonsa a ɓangaren dama har mai tsaron can baya ya tsaya yana kallon inda yake kallo, sannan ya juya ya jefa wa DeVonta Smith ta hagu, tacdawun mai yadi 41 wanda ya ƙare wasan 26 da 23. Waɗannan dama biyu a jere sun nuna abin da za ka riƙa nema: a ta farko ya riƙe ƙwallo har ta zama asara, a ta biyu kuma ya motsa mai tsaro da ido kawai. Kalli ratsin da ke kan hular kwanonsa domin ka san inda ya fuskanta. Wanda yake kafe mutum ɗaya da ido tun daga farko har jifa yana kiran masu tsaro zuwa wurin da kansa.

Ka kuma rarrabe tsakanin shawarar da kwatabak ya yanke da wadda aka yanke masa. A jami'a an yarda masu kare gaba su wuce layin farawa har yadi uku a lokacin jifa, abin da ya ba da damar wasan da kwatabak yake duban mai tsaro guda ɗaya tak, in ya matso a jefa ta bayansa, in ya ja baya a ba mai gudu. Tun daga 2024 kuma koci yana iya magana da shi ta na'urar da ke cikin hularsa har sai saura daƙiƙa 15 a agogon fara dama. Babu laifi a cikin waɗannan, sai dai jifan da suka fito daga gare su ba su gaya maka ko zai iya wucewa daga mutum na farko zuwa na biyu zuwa na uku idan an rufe na farkon. Dama ta uku da ake neman yadi bakwai ko fiye, lokacin da kowa a filin ya san jifa za a yi, ita ce wurin da za ka ga hakan.

Alamomin fahimtar juna

Fahimtar juna ba ta bayyana a jifan da komai ya tafi yadda aka zana a allo. Tana fitowa ne a wuraren da mutum biyu dole su yanke shawara ɗaya, a lokaci ɗaya, ba tare da magana ba. Na farko shi ne hanyar zaɓi, inda aka bar wa mai cafewa ya karya ciki ko waje ko ya tsaya, gwargwadon yadda mai gadinsa ya tsaya. Idan ka ga ƙwallo ta faɗi a fili babu kowa kusa, mai cafewa ya yi dama ita ta yi hagu, yawanci ba rashin saiti ba ne, karatunsu ne ya saɓa, kuma yadda irin wannan yake raguwa daga Satumba zuwa Nuwamba ma'auni ne mai kyau.

Na biyu shi ne jifan bayan kafaɗa. A ranar 1 ga Nuwamban 2008 a garin Lubbock, Texas Tech tana bayan Texas, wadda take ta ɗaya a ƙasar, da maki guda, saura daƙiƙa takwas. Michael Crabtree, mai cafewa na Texas Tech, ya ruga ta gefen dama mai gadi yana biye da shi, sai Harrell ya jefa ƙwallon ta bayansa kusa da layi maimakon ya wuce da ita gaba, Crabtree ya juyo ya cafe, ya fizge jikinsa ya shiga, saura daƙiƙa ɗaya, aka tashi 39 da 33. Irin wannan jifan ba ya yiwuwa sai duka biyun sun ga abu ɗaya a jikin mai gadin, kuma in ɗaya ya ga wani abu dabam, ƙwallon hannun abokan hamayya za ta tafi. Harrell ɗin da alƙalumansa suka kumbura saboda tsari, shi ne kuma yake da wannan fahimtar ta gaske da Crabtree, kuma mai aunawa ya kamata ya iya riƙe maganganun biyu tare.

Na uku shi ne lokacin da tsari ya rushe, kwatabak ya fice daga cikin masu kare shi yana neman hanya. Dubi masu cafewa a wannan lokacin. A ƙungiyar da ta saba da juna, na kusa zai yi nisa, na nesa zai dawo, na ɗaya gefen zai tsallako zuwa inda idon kwatabak zai iya ganinsa. A wadda ba ta saba ba, za ka ga sun tsaya cirko-cirko suna kallo. LSU ta 2019 ta yi fice a wannan, kuma sakamakon ya fito a alƙaluma: Chase ya samu yadi 1,780 da tacdawun 20, Jefferson ya cafe 111 da tacdawun 18, huɗu daga ciki a rabin farko na wasan kusa da na ƙarshe da Oklahoma.

Cewa sabo yana da nauyi, labarin Bailey Zappe ya isa hujja. Ya koma Western Kentucky a 2021 daga ƙaramar jami'ar Houston Baptist tare da mai tsara masa hari, Zach Kittley, da babban mai cafe masa, Jerreth Sterns, kuma a kakarsa ta farko a can ya tara yadi 5,967 da tacdawun 62, Sterns shi kaɗai ya cafe 150. Tun da aka buɗe rajistar sauya makaranta a watan Oktoban 2018, ƙungiyoyi da yawa suna fara kaka da kwatabak da masu cafewa waɗanda ba su wuce 'yan watanni da sanin juna ba, ga kuma dokar da ta taƙaita atisaye da sauran ayyukan wasa na dole zuwa awa 20 a mako a lokacin kaka. Don haka kafin ka yi wa sabon zuwa hukunci a kan wasanninsa uku na farko, bincika yaushe ya iso, ko ya halarci atisayen bazara, da kuma wa ya taho da shi.

Ware rabon kwatabak daga na abokansa

Wannan ne mataki mafi wuya, kuma misalai biyu masu kishiyantar juna za su nuna dalili. Mac Jones na Alabama ya kammala kashi 77.4 cikin ɗari na jifansa a 2020, da tacdawun 41 da ƙwace huɗu, amma yana jefa wa DeVonta Smith ne, wanda ya cafe 117 ya ci kyautar Heisman ta gwarzon ɗan wasan jami'o'i a shekarar, da Jaylen Waddle, waɗanda duka biyun aka ɗauke su cikin goman farko a zaɓen NFL na 2021. Hanyar gwada irinsa ita ce ka ware jifan da aka yi wa mutumin da ya riga ya tsere wa kowa, ka dubi sauran kawai, sannan ka duba abin da ya faru bayan Waddle ya ji rauni a idon sawu a wasa da Tennessee a watan Oktoba. Jones bai ja baya ba, wanda hakan maki ne a gare shi, ko da yake Smith yana nan har ƙarshe. Josh Allen na Wyoming kuwa tacdawun 28 ya jefa a 2016, sannan manyan masu cafe masa irin su Tanner Gentry da Jacob Hollister suka gama makaranta, a 2017 ya sauko zuwa 16, jifansa da aka cafe bai wuce kashi 56.3 cikin ɗari ba. Ƙungiyar Buffalo Bills ta ɗauke shi na bakwai a 2018 duk da haka, saboda ta dubi jifan da kansu, da waɗanda suka taɓa hannu suka faɗi, da yadda ake matsa masa, fiye da jimillar da ke takarda.

A takardarka, sake duba kowane jifan da bai isa ba ka ɗora alhakinsa inda ya dace: ƙwallon da ta bugi hannu biyu ta faɗi laifin mai cafewa ce, wadda aka jefar waje da gangan domin kauce wa asara shawara ce mai kyau, wadda aka bugi hannunsa yana cikin jifa ta masu kare shi ce. Yi haka ma ga jifan da abokan hamayya suka ƙwace, kuma ka ƙara a lissafin laifinsa waɗanda suka faɗa hannun mai tsaro ya kasa riƙewa, tunda littafin ƙidaya ba ya rubuta su. Daga nan ka ƙirga yadda ya raba ƙwallo a dama ta uku da kuma cikin yadi ashirin na ƙarshe kafin yankin tacdawun. Idan kusan duka wajen mutum ɗaya suke tafiya ko da masu tsaro biyu suna kansa, rubuta cewa dogaro ne da gwani guda, kuma ka nemi wasan da wannan gwanin bai buga ba, ko wanda aka rufe shi, ka kalle shi daga farko har ƙarshe kafin ka sa maki.